Sunan Yankan Babba

Duk wanda ya taɓa cin tuwo da miyar kuka a Rimaye har ya suɗe hannu, da wuya in ba daddawar Kubura ce a cikin miyar ba. Mace ce gajeruwa mai jiki, mai saurin tafiya da saurin magana, kuma Allah bai ba ta iya raɗa ba. In ta ce za ta gaya maka sirri, to maƙwabta ma sun ji. A Kafin Soli aka haife ta. Can ta koyi sana'ar a hannun mahaifiyarta Rahamatu, tun tana tsugunawa gefen tukunya tana tsince tsakuwa daga kalwa, kuma da aka kawo ta gidan Malam Sada ta taho da sana'ar tare da kayan ɗakinta. Shekara talatin da 'yan kai ke nan tana dafa kalwa, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a kwando har ta ruɓa, sannan ta kirɓa ta mulmula ta shanya. Warin nan da wasu ke toshe wa hanci, da shi ta yi wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki.

Amma ba daddawa kaɗai aka san ta da ita ba, an san ta da kai. In ana maganar aure a unguwar, kafin a kai kayan gaisuwa sai ka ji wata tsohuwa ta ce a je a tambayi Kubura tukuna, don ita ke riƙe da wa ya sha nonon wa. Za ta ce maka shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri uwar wane ta kwanta ciwo, wance ce ta shayar da shi, saboda haka shi da ɗiyar wance 'yan'uwa ne, babu aure. A je a bincika, a tarar haka ne. Ba ta yi boko ba, allo ma ba ta yi nisa ba, amma abin da ya shiga kanta ya samu wurin zama. Ta san da haka, kuma ba ta ɓoye jin daɗinta. In aka yi mata musu sai ta ƙwanƙwasa goshinta da yatsa ta ce nan ba ya yoyo.

Sunaye biyu ne bakin nan nata mai faɗin komai ba ya faɗa, na mijinta da na ɗanta na fari. Na miji dai da sauƙi, kullum tana jin sa a bakin masu sallama a ƙofar gida. Na ɗan ne aka kulle da makulli biyu. Ga shi ɗan fari, wanda uwa ba ta kiran sunansa don kunya, ga shi kuma sunan kakansa aka sa masa, mahaifin Malam Sada, wanda ya rasu yaron yana rarrafe. Wa zai buɗe baki a gidan nan ya kira sunan tsoho? Tun ranar suna kakarsa ta ce Babba, Babba ɗin ya bi shi. Da shi ya yi wasan ƙasa, da shi ya yi noma, da shi ya sayi babur ya fara kai hatsi kasuwanni, da shi ya auri Salma suka haifi Sumayya. Katanga ɗaya ce tsakanin sashensu da na iyayensa. Ka tsayar da mutum goma a Rimaye ka tambaye su sunan yankan Babba, ka ga yadda za su yi ta sosa ƙeya.

Ita Kubura tana da inda take ajiye shi. Bayan kowace salla, in ta ɗaga hannu, sai ta jero 'ya'yanta shida ta miƙa wa Allah, kuma da shi take farawa, da sunansa na gaskiya, don a ganinta Ubangiji ba a yi masa alkunya. A zuci take faɗa, leɓe ba ya motsi. Haka take yi tun yana cikin zanen goyo.

To, ana nan, tun da ta haura arba'in da biyar wasu 'yan abubuwa suka fara faruwa da ita. Ta shiga ɗaki da sauri ta tsaya tsakiya tana kallon bango, ta rasa abin da ya kawo ta. Ta sa gishiri a miya, ta juya ta sake sawa. Ran nan ta tashi gidan duka da neman ludayi, ludayin yana hannunta. Aka yi dariya, ita ta fi kowa yi, ta ce aiki ne ya yi mata yawa. Ciwon kai kuma ya zama abokin zamanta, irin mai kama ƙeya da safe, maganinsa ta tamke ɗankwali ta ci gaba da aiki. An taɓa auna ta a asibiti a Kankiya aka ce tana da hawan jini, aka ba ta ƙwayoyi. Ta sha na ɗan lokaci, ta ji garau, ta watsar. A wajenta magani na mai kwance ne, ita kuwa mai sauke tukunyar kalwa ita kaɗai, me za ta yi da shi?

Abu ɗaya ne ba ta yi wa dariya. Mahaifiyarta Rahamatu ba ta mutu da hankalinta ba. Ta fara ne da mantuwar inda ta ajiye abu, daga nan ta fara ɓata a hanyar rijiya, daga nan ta koma tana tara tsummoki tana cewa za ta tafi gida alhali tana cikin ɗakinta. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce tsufa ne kawai, aka yi rubutu aka yi turare, babu abin da ya sauya. Kubura ce ta ɗauko ta ta riƙe ta shekarunta na ƙarshe, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki. Kuma kusan kullum in ta gama share mata baki, tsohuwar sai ta dube ta da ladabi ta yi mata godiya, ta tambaye ta ita ɗiyar wa ce. Wannan tambayar ta fi duk wahalar jinyar ci mata rai. Har yau tana tsoron abin ƙwarai, ko da yake ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Tana da shekara hamsin da biyu abin ya same ta, cikin damina, gero ya fara fitar da kai. Ta idar da sallar azahar, ta ɗaga hannu kamar kullum, ta ce Allah ga ɗana Abdul... sai ta tsaya. Babu sauran. Ta sake farowa, ta sake tsayawa a wurin. Abdul dai yana nan daram, amma abin da ke biye da shi ya ɓace ɓat, kamar ba a taɓa sa shi a kanta ba.

Da farko ba ta tsorata ba, haushi ta ji. Ta ce da kanta yanzu zai dawo, ta shafa addu'a ta tashi ta koma bakin murhu. La'asar ta yi bai dawo ba. Magariba ta yi bai dawo ba. Ta tuna sunayen Allah da suka koya da waƙa a makarantar matan aure, ta ce ai duk inda ya shiga yana cikinsu, bari ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta fara da ƙarfinta, tana ɗora Abdul a kan kowanne tana saurarawa, Abdurrahman, Abdulmalik, Abdussalam, Abdul'aziz, kamar mai gwada murafai a bakin tukunya, babu wanda ya zauna. Da ta kai tsakiya sai waƙar ma ta kakare mata, ta koma farko, ta sake kakarewa a wuri ɗaya. A nan ne tsoro ya kama ta.

Washegari ta shiga dabara. Ta tarar da Malam Sada yana gyara ƙotar fartanya, ta ce tana so ta kai wa Liman sadakar daddawa a yi wa marigayi mahaifinsa addu'a, ko ya za ta ce in an tambaye ta cikakken sunan mamacin. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce ai Liman ya fi su sanin sunan Baba, shi ya yi masa salla, ta kai kawai. Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa, ta ji kamar ta ƙwace fartanyar.

Ta zagaya sashen surukarta. Salma na tankaɗe. Bayan an gaisa Kubura ta jawo hira, ta jawo, har ta tambaye ta in ta je wani gari aka ce matar wa ce, me take cewa. Salma ta ce matar Babba mana. Kubura ta ce in suka ce ba su san Babba ba, sunan yanka suke so fa? Kai, yarinyar nan sai ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, ta saki rariya ta ruga ɗaki tana ƙyalƙyala dariya. A zatonta uwar miji ce ke gwada tarbiyyarta, kuma ta ci jarrabawa.

Ka ji gida. Mutum uku sun san suna ɗaya, uba ba zai faɗa ba don na mahaifinsa ne, mata ba za ta faɗa ba don na mijinta ne, uwa kuma wadda ta fi kowa riƙonsa ta yar da shi. Tana iya buga waya Mawashi ko Kusada ta tambayi 'ya'yanta mata da ke aure can, amma ta san kafin rana ta faɗi labari ya zaga dangi cewa Inna ta tambayi sunan Yaya Babba. Kuma in ya fita daga dangi ya shiga unguwa, wa zai sake zuwa tambayarta wa ya sha nonon wa? Ta yi shiru da bakinta. Tana ganin Babba ya shigo gaishe ta da safe, ya tsuguna daga nesa kamar yadda ya saba, ta amsa tana kallon gefe kamar yadda ta saba, amma cikinta yana ta kiran Abdul, Abdul, babu amsa. Salla ta zame mata abin fargaba, don kowace sallama tana kai ta bakin ramin nan.

Ana cikin haka wata safiya ta sunkuya za ta sauke tukunyar kalwa, sai ta ga tsakar gida ta juya. Allah ya sa ta saki tukunyar a kan murhu ta dafa turmi, ta zame ta zauna. Salma ce ta gani ta kira mijinta. Kubura ta ce jiri ne kawai, a ba ta ruwa, amma Babba, wanda bai taɓa yi mata musu ba, ya tayar da babur ya tsaya a ƙofar gida ya ƙi kashewa har sai da ta sa hijabi ta fito.

Likitan da suka samu a Kankiya sunansa Lawal, ba yaro ba ne, ba kuma tsoho ba, mai magana a hankali. Ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya duba, ya sake aunawa a ɗaya hannun, ya tambaye ta ko an taɓa ce mata tana da hawan jini. Ta ce an taɓa, amma ta warke. Ya yi murmushi. Babba ne, yana tsaye jikin bango, ya ƙara da cewa kwanan nan tana yawan mantuwa, ya ba da labarin gishiri da na ludayi. Ta harare shi. Likita ya ce to bari su yi 'yar hira. Ya tambaye ta yau wace rana ce, ta faɗa. Wane gari suke, ta ce in bai san garin da yake aiki ba shi ya kamata a auna. Ya yi dariya. Ya ce ta riƙe masa abu uku, goro, akuya da tabarma, zai tambaye ta an jima. Sannan ya ce ta faɗa masa sunayen 'ya'yanta daga babba zuwa ƙarami.

Ta fara daga na biyu, ta sauko tiryan-tiryan har Sadisu autanta. Likita ya ce biyar ya ji, ba shida ta ce ba?

Babba ya yi dariya ya shafa kai. «Ni ne na farin, likita. Kunya ce, ba ta faɗa.»

Likita ya ce af, ya gane, shi ma tasa uwar har yau ba ta kiran sunan yayansu, a wuce wurin. Wata nas da ke gefe ta yi murmushi. Shi ke nan fa, an buɗe mata ƙofa, babu abin da ya rage sai ta sunkuyar da kai ta ja hijabi, a ce tsohuwa mai kunya, ta karɓi magani ta tafi gida da asirinta a rufe. Ta kuwa so ta yi hakan. Amma ta tuna ita ma Rahamatu haka aka yi ta rufa mata, yau a ce gajiya ce, gobe a ce tsufa ne, har ranar da babu sauran abin rufawa.

«Ba kunya ba ce,» in ji ta. «Na manta shi ne. Ya kwana biyu da ɓace mini, na nema na rasa.»

Ba ta dubi Babba ba, amma ta ji lokacin da ya bar jikin bangon. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu, ta ce ba a nan ba.

Likita Lawal ya ajiye alƙalami ya juyo da kujerarsa sosai. Ya ce mata ta yi abin da mutane da yawa ba sa iyawa, kuma ta taimake shi aikinsa. Ya ce mutane suna zaton ƙwaƙwalwa sai furfura ta rufe kai take fara tsufa, alhali tun mutum yana shekara arba'in da wani abu, yana tsakiyar ƙarfinsa, take fara sauyawa a hankali. Akwai 'yan ƙananan jijiyoyin jini da ke ciyar da ita, sirara ƙwarai, kuma hawan jini in aka bar shi yana cin su kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, mutum yana yawonsa yana cewa lafiyarsa lau. Ciwon suga ma haka yake yi, da ƙarancin barci, da zama wuri ɗaya. Hawan jini kuma ba ya warkewa don an ji sauƙi, riƙe shi ake yi kullum.

Ta tambaye shi kai tsaye, don ba ta iya kewaye-kewaye ba, ko ciwon mahaifiyarta ne ya kama ta. Ya ce ba zai ce mata shi ne ba, don ba kowace mantuwa ce ke kaiwa can ba, kuma sunan da ba a faɗa ba a ji ya fi saurin sulluɓewa. Ba zai kuma rantse mata cewa ba zai taɓa zuwa ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da ya sani shi ne shekarun da take ciki su ne na gyara, abin da ta yi yanzu shi zai fi nuna yadda tsufanta zai kasance, kuma da ta bari sai nan da shekara goma sha biyar da maganar tasu ta bambanta. Sai ya tambaye ta abubuwa ukun nan. Ta ce goro, ta ce akuya, ta ɗan tsaya, sannan ta ce tabarma da ƙarfi kamar ta kama ɓarawo.

Ya sa aka auna sugarta, ya rubuta magani, ya ce kullum ne, da ciwo da babu ciwo. Ta rage gishiri, ta rage magi. Ta ce wa ya gaya masa tana sa magi, mai daddawa guda? Babba ya yi tari. Ta ce to, ɗan kaɗan take sawa. Ya ce ta riƙa tafiya a ƙasa, ta daina raba dare wajen tukunya, ta koma makarantar da ta bari, ta dawo ya sake ganinta.

Suka kama hanyar komawa. Babur na tafiya, gonaki na wucewa, tana riƙe da ƙarfen baya tana kallon wuyan rigarsa. Tausayinsa ya kama ta. Yaron nan tun yana ƙarami ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba ta taɓa yabonsa ba, in ya faɗi kakarsa ce ke ɗaga shi, duk don kunya, kuma bai taɓa ƙorafi ba don ya san haka ake yi. Yau kuma ya ji da kunnensa cewa sunansa ma ba ta riƙe ba. Da suka zo wajen wata ɗorawa a bakin hanya ta taɓa kafaɗarsa ta ce ya tsaya.

Ta sauka ta shiga inuwa. Ya kafe babur ya zo ya tsuguna daga nesa.

«Matso,» in ji ta. Ya matso. «Faɗa mini.»

Namiji mai shekara talatin da huɗu, mai mata da ɗiya, sai ga shi yana wasa da tsinke a ƙasa kamar an kai shi gaban malamin allo. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, «Abdulbaƙi.»

Wallahi da ta ji shi sai ta ga kamar bai taɓa tafiya ko'ina ba. Can ƙarshen waƙar yake, inda ba ta kai ba. Haushi da daɗi suka haɗu suka cika mata ido. Ta motsa leɓe ta gwada shi, ya fito a karkace don harshen bai saba ba, ta sake gwadawa ya fito daidai. Babba bai san abin da zai yi ba, sai ya ce na'am.

Ta ce masa ba don ba ta damu da shi ba ne ya ɓace, kullum sau biyar take kai shi gaban Allah tun yana jariri. Bai taɓa sanin haka ba. Ya sunkuyar da kai. Ta ce kuma in ya sake ɓacewa, ko wani abin da ya fi shi, za ta tambaye shi, ya faɗa mata ko sau nawa ne, kada ya ji haushi. Ya ce ko sau dubu ne.

Daga ranar Kubura ta kama abin nan kamar yadda take kama kowane aiki, da ƙarfi da faɗa. Ta ɗaure ƙwayoyin a jikin carbinta da ƙyalle don kada asuba ta wuce ba ta sha ba. Ta rage gishiri har Malam Sada ya yi kwanaki yana cin tuwo yana tsaki, ta ce shi ma ya je a auna shi, ya je, aka tarar nasa ma ya hau, ya dawo ya yi shiru. Daddawar da take ba masu babur su kai wa masu saye a ƙauyukan kusa, ta koma kaiwa da ƙafarta. Ta mai da dahuwar kalwa ta safe. Ta koma makarantar matan aure ta zauna cikin sa'o'in 'ya'yanta, ta sake koyon waƙar sunayen nan har ƙarshe. Duk matar da ta zo sayen daddawa ta kuskura ta ce kanta na ciwo, ba za ta fita ba sai ta sha wa'azi a kan awon jini, da labarin 'yan jijiyoyi sirara, wanda Kubura ke bayarwa kamar ita ta gano su. Da ta koma asibiti bayan an yi girbi, likita ya ce jinin ya sauka. Mantuwa dai ba ta tafi duka ba, har yanzu takan shiga ɗaki ta tsaya tana tambayar bango, kuma ta daina ƙwanƙwasa goshi.

Sunan kuwa ta riƙa faɗarsa a hankali, tana surfe tana faɗa, tana shanya tana faɗa. Amma ta zauna ta yi lissafin abin da kanta. Sunayen da take kira da baki, ta kira a aika, ta kira a yi faɗa, ko ɗaya bai taɓa ɓace mata ba. Wanda ta ɓoye ta killace, shi ne ya tafi. Ta kuma san abin da za a ce in aka ji uwa ta kira ɗan fari da sunan yanka, sunan surukinta kuma. Za a ce Kubura ta fara ruɗewa, ta bi sawun uwarta. Ta auna wannan da wancan, ta ga gara a ce ta ruɗe alhali ba haka ba ne, da a ce sunan ya sake ɓace mata.

Wata safiya rana ta ɗan ɗaga, Malam Sada na zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinsa yana shan koko, Salma na shara a sashensu, ana jin Babba yana ƙoƙarin tayar da babur. Kubura na da ƙullin daddawa da za a kai Kankiya. Ta tsaya tsakar gida ta fuskanci katanga, ta buɗe muryar nan tata da ba ta san raɗa ba.

«Abdulbaƙi! Zo ka tahi da saƙon nan.»

Tsintsiyar Salma ta tsaya. Babur ya mutu. Can daga bayan katanga aka ce na'am, Inna.

Sai a lokacin ta juyo wajen mijinta, ta shirya wa faɗa, har ta tanadi amsa. Ta tarar ya ajiye ludayin koko, yana kallon ƙofar zaure, inda mahaifinsa ya saba zama. Fiye da shekara talatin ba a kira sunan nan a cikin gidan ba. Ya goge ido da hannun riga.

«Mi kika ce?» in ji shi.

Ta ce ya ji ta sarai.

«Na ji,» ya ce. «Sake faɗa.»